Hannun Da Ba Nawa Ba

Sunana Wilfred Haigh, shekarata saba'in da takwas. Ku da kuke bin wannan shafi, da yawanku kuna da hotona a bango, amma fuskata ba ta ciki. Ni ne mutumin da ke cikin rigar Ombrek, dodon shirin Masu Gadin Wata, wanda aka yi ta nunawa a talabijin tun ba a haifi rabinku ba. Ban iya dogon zance ba. Ina shekara sha biyar na bar makaranta na shiga ramin kwal. Abin da zan faɗa muku, matata Doreen ta zauna da ni shekara talatin da tara, ta rasu ba ta ji shi ba. Ku karanta. Ba tausayi na zo nema ba.

Ranar Alhamis da safe 'yata Lorraine ta zo gidana a Barnsley ta haɗa mini kaya. Kowace shekara ita ke kai ni taron masoya shirye-shiryen sararin samaniya da ake yi a Blackpool. Ta kafa teburin guga a tsakiyar falo, ta ɗaga farar rigata, ta dube ta, ta dube ni.

"Baba, wuyan rigar nan ya cinye."

"Babu mai kallon wuyana."

"Bana akwai."

Ta ajiye dutsen guga ta miƙo mini wayarta. Jerin baƙin bana ne. Aubrey Stanhope a sama kamar kullum, shi ne ya fito a Kyaftin a shirin, kuma har yau bai sauka daga kujerar ba. Sunana a tsakiya. Can ƙasa, sabon suna: Glenys Pritchard, mai tsara kayan shirin, karon farko da za ta halarci taro.

Na mayar mata da wayar. Na ce shayina ya huce.

"Ita ce ta hoton cikin gwangwanin biskit, ko?" in ji Lorraine. "Mai riƙe da almakashi tana hararar mai ɗaukar hoto."

"Wa ya aike ki gwangwanina?"

"Batir nake nema. Baba, shekara shida da rasuwar Mama. A tsaye kake cin abinci gaban murhu, daga cikin tukunya. Da rediyo kake hira, har gardama kuke yi. Na bincika, mijin Glenys ya rasu tuntuni. Kuma na karɓi lambarta wurin masu shirya taro, na tura mata gaisuwa da wayarka."

Da ƙarama ce da na kore ta daga falon. Amma shekararta arba'in da uku, kuma ita ke kai ni asibiti. Na laluba wayar a aljihun rigar sanyi. Amsa ta riga ta shigo.

"Dogo. Ashe kana raye. Wannan ba rubutunka ba ne, babu kuskure ko ɗaya a ciki. Sai Asabar. Zan zo da wani abu daga ɗakin kaya."

Tun 1979 babu wanda ya kira ni Dogo.

"Ka gani?" Lorraine ta ce, tana leƙen kafaɗata. "Tana tune da kai."

Tana tune. Abin da nake tsoro ke nan.

Ga yadda aka yi. Shekara goma sha huɗu na yi a rami, har ranar da rufi ya rufto mana. Awa goma sha ɗaya na yi kwance a wurin da bai fi akwatin gawa ba. Da aka ciro ni ban koma ba. Na tafi London na samu aikin ɗaukar katako a gidan shirya fim. Wani darakta ya ga tsayina ya ce ya samu dodonsa. Ban gaya masa maganar rami ba.

Rigar Ombrek roba ce mai kauri, kan kuma ta baya ake ɗaure shi da maɗaurai huɗu. In an rufe ka, ba ka iya buɗe kanka. Ta wata 'yar kafa a bakin dodon kake numfashi. Glenys ce ta zana rigar, ita ta ɗinka, ita ke rufe ni, ita ke buɗe ni. 'Yar Wales ce, gajeriya, kullum bakinta cike da allurai, amma hakan bai taɓa hana ta zagi ba. Kafin ta ɗaure kan takan ƙwanƙwasa goshin dodon sau biyu ta ce, "Ina nan waje, Dogo." Da wannan nake iya shiga. Duk Lahadi muna haɗuwa a wani benci gaban tashar jirgin ƙasa, mu ci kifi da soyayyen dankali a cikin takarda. Har na je kallon zobe.

Sai ranar fitowar nan da kuka fi so. Kun san ta. An kulle Ombrek a ɗakin gilashi, 'yar matuƙin jirgi tana kuka ta waje, shi kuma ya ɗaga hannu a hankali ya ɗora tafinsa a gilashin daidai nata. Saboda fitowar aka gina ɗan ƙaramin ɗaki na gilashi, da fitilu masu zafi a sama. Glenys ta rufe ni cikin rigar a ɗakin kaya, ta buɗe ƙofa, na hango shi. Akwati a cikin akwati. Numfashina ya ɗauke. Na zube a gwiwa ina dukan kan dodon, ina kiran sunayen waɗanda ba su fito daga rami ba. Ta mayar da ƙofa ta kulle, ta kwance ni. Na kifa kai a cinyarta na yi kuka, ƙato da ni.

Ana ta buga ƙofa, darakta yana jira. A wancan zamanin dokar ƙungiyar ma'aikatan fim ba wasa ba ce. Ma'aikaciyar ɗakin kaya ba ta fitowa gaban kyamara. In aka kama ta, katinta na ƙungiya ya tafi, babu gidan fim da zai sake ɗaukarta. Ni kuma dodon da ke tsoron rigarsa, washegari ba shi da aiki. Ta ɗaga murya ta ce ɗinki ya farke, a ba ta minti ashirin. A cikin minti ashirin ɗin ta tsuke safar hannun dama ta ciki da jan zare, ta yi daidai hannunta. Kan dodon da hannu kaɗai kyamara za ta ɗauka, kuma da ma a durƙushe ake tura dodon kan amalanke saboda nauyin ƙafafun. Ni na ɗaure mata kan. Suka shigo suka tura ta. Ni ina ɓoye tsakanin rigunan da ke rataye.

Sau ɗaya aka ɗauka. Daga baya darakta ya dafa kafaɗata ya ce bai san ina da wannan taushin a cikina ba. Na ce na gode.

Ranar Lahadi ban je benci ba. Ta gaba ma ban je ba. Na kasa haɗa ido da matar da ta gan ni a haka. Na ci gaba da shiga rigar da haƙori a cije, amma na ce namiji nake so ya riƙa rufe ni. Ta ɗinka sabuwar safa ta rataye mini, ta tafi da waccan, ƙarshen shekara ta bar shirin. Na auri Doreen, mace ta gari wadda ba ta yawan tambaya.

Shekara ashirin da biyu ina zuwa taro. Hoton da aka fi nema a teburina shi ne na hannu a gilashi. A kansa nake rubuta sunana, harafi bayan harafi.

Yau Asabar na sa sabuwar rigar da Lorraine ta sayo, da shuɗin kwat ɗin da na sa ranar jana'izar Doreen. Zauren otal ya cika tun ƙarfe tara. Ga ƙattai masu tumbi cikin kayan sojan jirgi masu ƙyalli, ga wata mata ta shafe jikinta da koren fenti tana fama da keken jariri. Ombrek uku na wuce kafin in kai teburina, ɗaya ya cire kai ya ajiye a kujera yana cin burodi. Ɗinkinsa bai kai rabin na Glenys ba.

Aubrey ya tare ni. Gashi ya sha baƙin rini, gyalen siliki a wuya, sababbin haƙora, damin furanni a hannu.

"Tsohon dodo. Har yanzu ba a kai ka gidan tarihi ba?"

"Kai suke jira ka fara shiga. Wa ya mutu?"

Ya dubi furannin. "Na Glenys ne. Shekara biyu muna waya, ba ka sani ba? Watan jiya na nemi aurenta. Ta ce sai an tashi taro za ta ba ni amsa."

"Aure huɗu ka yi, Kyaftin."

"Mata uku. Ɗaya sau biyu."

Ban yi dariya ba. Ina kallon ƙofa.

Ta shigo da sanda, cikin koren kwat na ulu wanda ko daga nesa na san ita ta ɗinka. Gashi fari tas, an yanke shi gajere. Tabarau rataye a sarƙa. Ɗan kwali a hammata. Ta karɓi furannin Aubrey ba ta ko shinshina ba, ta zo ta tsaya a gabana ta ɗaga kai, kamar da.

"Wa ya saya maka rigar nan? Hannun ya yi gajere."

"'Yata."

"Ta yi ƙoƙari. Babu shagon da ke da awonka." Ta ja bakin hannun rigar ta gyara. "Ka ranƙwafa, Dogo."

"Ke ma ba ki ƙara tsawo ba. Mene ne a kwalin?"

"Masu taro suka ce in kawo abin da ya rage mini na shirin, a nuna wa mutane. Abu ɗaya ne ya rage. Kai ma ka san shi."

Na san shi. Ina da awa huɗu kafin a hau dandamali. Da na so, da na ja ta gefe. Da na nemi mai gabatarwa. Na zauna na yi ta sa hannu.

Ƙarfe biyu aka jera mu a dandamali, mutum ɗari biyar a gabanmu. Aubrey ya ba da labarin da yake bayarwa kowace shekara, na ranar da wandonsa ya yage yana tsakar ba da umarni, aka yi dariyar da ake yi kowace shekara. Aka tambayi Glenys yadda ta ƙirƙiro dodon, ta ce daga fuskar kunkuru da ta wani kawunta. Sannan mai gabatarwa ya buɗe kwalin ya ɗaga safar. Ta yi duhu, ta tsattsage, amma ita ce. Aka haska fitowar a babban allo a bayanmu. Ban juya ba.

Kun san al'adar taro. In kayan asali ya bayyana, wanda ya sa shi a shirin yakan sake sawa a ɗauki hoto. Glenys ba ta taɓa zuwa taro ba, ba ta san da wannan ba. Na ga fuskarta ta canza lokacin da mutum biyu suka shigo da farantin gilashi suka kafa a gabana.

"Mista Haigh," in ji mai gabatarwa, "bayan shekara arba'in da shida, ka sake ɗora mana hannun nan."

Aka ɗau tafi. Wayoyi suka tashi sama kamar ciyawa. Na karɓi safar. Na tura yatsu huɗu, suka shiga zuwa gaɓa ta biyu, suka tsaya. Ta bakin safar ina ganin jan zaren, ɗinki ƙanana a jere, ko ɗaya bai saki ba. Na ƙara turawa. Robar ta yi ƙara.

"Kifi da dankali ne, jama'a," Aubrey ya ce. "Na sha yi masa gargaɗi."

Aka yi dariya. Dariya ta lafa. Makirfo yana daidai haɓata, mai gabatarwa yana jira in ce wani abu. Kalma biyar ta isa. Na dubi layin gaba na ga Lorraine ta ɗaga waya tana murmushi, tana ɗaukar ubanta. Bakina bai buɗe ba.

Glenys ta jawo makirfo gabanta.

"Roba ce," ta ce. "In ta tsufa motsewa take yi, kamar ni. Ku ƙyale shi kada ya yage mini aiki."

Aka bushe da dariya, aka yi tafi. Ta zare safar daga yatsuna ba ta dube ni ba. Ni kuma na miƙe na rusuna wa jama'a. Ku sake karantawa. Na rusuna.

Da na koma teburina layi ya kai ƙofa. Lorraine tana jera hotuna.

"Baba, fuskarka ta yi fari. Ka sha maganinka?"

"Na sha."

Ta farko a layin wata mata ce da ta haura hamsin, ba ta yi shigar kowa ba, rigar ruwa ce kawai a jikinta. Ba ta ɗauki hoto ba.

"Ba sa hannu na zo nema ba," ta ce. "Ina shekara bakwai aka kwantar da ƙanena a asibiti, a ɗakin da ba a barin kowa ya shiga, sai dai a leƙa ta gilashi. Na ga shirin nan ranar Asabar. Washegari na je na ɗora hannuna a gilashin, shi ma ya ɗora nasa. Kullum haka muke yi har ya tafi. So nake kawai in riƙe hannun nan sau ɗaya, in ba damuwa."

Ta miƙo hannu. Na dubi nawa a kan tebur, faffaɗa kamar shebur, da shuɗin tabon kwal a bayan yatsu. Na janye shi na sa a aljihu. Na miƙe.

"Biyo ni."

"Baba, layi fa?" in ji Lorraine.

Muka ratsa zauren, ni a gaba, matar a baya, Lorraine tana bin mu. Teburin Glenys ƙarami ne, can kusa da ƙofar baya. Mutum uku ne a gabansa. Furannin suna cikin tulun ruwan sha, Aubrey yana zaune a gefen tebur yana kaɗa ƙafa.

"Ga hannun da kike nema," na ce da matar. "Ba ni ne a cikin rigar ba ranar nan. Tsoro ya kayar da ni a ɗakin kaya, ina kuka. Ita ta shiga. Ita ta yi. Safar ba motsewa ta yi ba, awon hannunta ne."

Ƙafar Aubrey ta tsaya. Matar ta dube ni, ta dubi Glenys, ta miƙa hannu a hankali. Glenys ta ba ta nata. Ɗan ƙarami, yatsun sun karkace. Suka daɗe a haka. Matar ta yi godiya, ta share ido, ta tafi. Ni ko kallo ban samu ba, kuma daidai ne.

Sannan Glenys ta sa tabarau ta juyo.

"Mutum ɗari biyar ne a zauren nan ɗazu, Dogo. Ka bari na sake yi maka ƙarya a gabansu. Yanzu ka zo kana gaya wa mutum shida."

"Haka ne."

"Haka ne kawai?"

"Ban iya magana ba."

"Na sani. Lahadi huɗu na yi a bencin nan ina sauraron yadda ba ka iya magana ba. Kifi biyu nake saya. Tantabarun tashar sun yi ƙiba."

Aubrey ya yi gyaran murya. "Glenys, shayi? An ce akwai kek mai kyau a sama."

Ta ɗauki sandarta, ta kama hannunsa. Ta ɗauki kwalin. Furannin ma ta ɗauka.

Na koma teburina na kife hotunan gilashi gaba ɗaya, na ce da masu layi na tashi. Wani ya ce daga Aberdeen ya zo. Na ce masa teburin da yake nema yana kusa da ƙofar baya.

A ɗakin otal Lorraine ta daɗe tsaye a taga tana kallon teku, ba ta ko cire jakarta ba.

"Mama ta sani?"

"A'a."

"Ni na kai hoton nan makaranta, Baba. Na tsaya gaban aji na ce hannun babana ne."

"Na sani."

Ta zauna a bakin gado. Ta ciro waya. "Mutum shida sun yi kaɗan, ta yi gaskiya. Shafin masoya akwai mutum dubu tara. Ka faɗa, ni zan rubuta. Kuma ba zan gyara maka komai ba."

Shi ya sa kuke karanta wannan. Duk mai hoton nan da sunana a kai, sunan ba a wurinsa yake ba. Sunanta Glenys Pritchard. Ita ta zana Ombrek, ita ta ɗinka shi, kuma minti biyun da kuka fi so a cikinsa nata ne. Shekara arba'in da shida ta riƙe bakinta saboda ni, ni kuma na riƙe nawa saboda ni.

Muna nan daidai wayata ta yi ƙara a aljihun kwat. Lorraine ta kai hannu, na ce ta bari, wannan ni zan karanta. Daga Glenys ne. Na ɗau lokaci.

"Maganar hannu ta mutane ce. Akwai wadda ni kaɗai za ka gaya wa. Gobe ƙarfe goma zan zauna a bencin gaban otal, mai kallon teku. Sha ɗaya Aubrey zai sauko karɓar amsarsa. Awa ɗaya gare ka. Kuma kifi ɗaya zan saya."

Lorraine ta karanta ta ajiye.

"Me za ka ce mata?"

"Ban sani ba."

"To ka fara da zuwa."

Na cire takalmina na ɗora a kan jarida, na ce ta miƙo mini burushi. Gobe Lahadi ce.